Abraham Linkon: Soja, Lauya, Ɗan Majalisa

Duk wanda ya riƙe takardar kuɗin Amurka ta dala biyar zai ga hoton wani mutum mai doguwar fuska da gemu. Sunansa Abraham Linkon. Shi ne Shugaban Ƙasar Amurka na 16, a zamaninsa ne kuma aka karya bauta a ƙasar. Amma shekara huɗu da wata guda kaɗai ya yi yana shugabanci. Kafin nan ya yi noma, ya yi tuƙin jirgin ruwa, ya yi tsaron kanti, ya yi soja, ya yi aikin lauya, ya kuma zauna Majalisar Dokoki ta jiharsu shekara takwas. A cikin waɗannan ayyuka ne ya koyi abin da ya riƙe ƙasa da shi daga baya.

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Abraham ran 12 ga watan Fabrairu, 1809, a Jihar Kentaki. Gidansu ɗaki ɗaya ne tak, an gina shi da gumagumai, ƙasansa daɓe. Ubansa, Tomas Linkon, manomi ne, yana kuma taɓa aikin kafinta. Sunan uwarsa Nansi. Yana da ya guda ɗaya, ana ce da ita Saratu.

Cikin shekara ta 1816, sa'ad da Abraham ya ke da shekara bakwai, rigimar gona ta dami ubansa, don takardun mallakar ƙasa a Kentaki a rikice su ke. Sai ya kwashe iyalinsa suka ƙetare kogin Ohayo, suka shiga Jihar Indiyana. Wurin da suka sauka kurmi ne, ga namun daji. Ba yadda za a yi shuka sai an sare itatuwa tukuna. Tun daga nan aka danƙa wa yaron gatari, bai kuwa rabu da shi ba sai da ya wuce shekara ashirin.

Ba su cika shekara biyu da sauka ba sai wata cuta ta faɗo wa ƙauyen. Akwai wata ciyawa mai dafi a kurmin. In saniya ta ci, dafin yakan bi nononta, wanda ya sha kuwa sai ya kwanta. Mutanen lokacin ba su san abin da ke kawo ciwon ba. Nansi ta kamu, ta rasu cikin watan Oktoba, 1818. Abraham yana da shekara tara.

Bayan shekara guda Tomas ya auri wata bazawara mai 'ya'ya uku, ita ma sunanta Saratu. Allah ya sa aka yi dace. Matar nan ta riƙe marayun kamar ita ta haife su, ta yi musu wanka, ta ɗinka musu tufafi. Da ta ga Abraham yana son karatu, sai ta riƙa ba ubansa baki ya ƙyale shi ya karanta. Har ya girma yana kiranta uwa, yana kuma kula da ita.

Makaranta kuwa ba ta samu sosai ba. Malami yakan zo ya yi 'yan watanni ya tafi. In aka haɗa dukan kwanakin da Abraham ya yi a makaranta, ba su wuce shekara guda ba. Sauran iliminsa da kansa ya nema. Takarda tana da tsada, saboda haka yakan yi lissafi da gawayi a kan shebur na katako, in ya cika ya kankare ya sake. Duk inda ya ji labarin littafi sai ya je aro. Wata rana ya aro tarihin Joj Washinton, Shugaban Amurka na farko, ruwan sama ya shigo ɗaki da dare ya jiƙa littafin. Yaron bai ɓoye ba. Ya je ya gaya wa mai littafin, ya yi masa aikin gona na 'yan kwanaki a bakin diyya, littafin ya zama nasa.

2. Kogi da kanti

Da ya kai shekara goma sha tara, cikin 1828, aka ɗauke shi aikin tuƙa wani faffaɗan jirgin ruwa na katako, cike da amfanin gona. Suka bi kogin Ohayo, suka faɗa Misisipi, har birnin New Orleans, tafiyar fiye da mil dubu. Birnin nan yana da babbar kasuwar bayi. Baƙaƙen mutane ne a ke sayarwa, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka, da yawansu daga Afirka ta Yamma, ana sa su noman auduga da rake ba lada.

Cikin 1830 iyalin suka sake ƙaura zuwa Jihar Ilinoi. Abraham ya taya ubansa gina sabon ɗaki, ya faskara itatuwa ya kewaye gona da shinge. Ya riga ya zama dogo ƙwarai, tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu, ga ƙarfi.

Shekara ta kewayo, wani ɗan kasuwa mai suna Offutt ya sa shi ya sake kai kaya New Orleans. Suna cikin tafiya sai jirgin ya maƙale a kan madatsar ruwa ta wani ƙauye wai shi New Salem. Goshin jirgin ya leƙa waje, ruwa yana shiga ta baya. Mutanen gari suka taru a bakin gaɓa suna kallo. Abraham ya sa aka rage kaya, aka mirgina sauran zuwa gaba, har bayan jirgin ya ɗaga. Sa'an nan ya aro abin huji ya huda goshin, ruwan ya tsiyaye, ya toshe ramin, jirgi ya wuce. Dabarar nan ta burge Offutt, har ya ba shi tsaron kantin da ya buɗe a ƙauyen.

A New Salem akwai wata ƙungiyar samari masu tsokanar baƙi. Babbansu, Jak Armstrong, gwanin kokawa ne. Aka haɗa shi da Linkon suka kama. Bayan kokawar sai suka zama aminai. Linkon yakan je gidan Jak ya ci abinci, ya yi wa jariri reno, matar Jak kuwa, Hannatu, takan ɗinke masa wando in ya yage. A riƙe sunan mutanen nan, za a sake gamuwa da su a gaba.

A kanti an san shi da cika mudu da mai da canji daidai, har mutane suka riƙa kiransa Abe Mai Gaskiya. In ba masu ciniki sai ya buɗe littafi. Ya taɓa tafiyar mil shida a ƙasa don ya aro littafin nahawun Turanci, saboda yana so ya iya magana a gaban jama'a ba tare da kuskure ba.

3. Linkon soja

Tun kafin Turawa su zo, ƙasar Amurka tana da mutanenta na asali, waɗanda Turawa suka sa wa suna Indiyawa. Ƙabilar Sauk tana cikinsu. Cikin 1804 aka rubuta wata takardar alkawari wadda ta ce sun sallama ƙasarsu da ke gabas da Misisipi. Da yawa daga cikinsu ba su yarda da takardar ba, sun ce waɗanda suka sa hannu ba su da ikon sayar da ƙasar ƙabila. Duk da haka aka kore su zuwa ƙetaren kogi.

Cikin watan Afrilu, 1832, wani tsohon jarumin Sauk da Turawa ke kira Black Hawk, watau Baƙin Shaho, ya komo Ilinoi da mutane wajen dubu, maza da mata da yara. Tsoro ya kama Turawan wurin. Gwamna ya yi shela yana neman masu sa kai. Linkon ya shiga.

A wancan zamani sojan sa kai su ne ke zaɓen shugabansu. Masu neman muƙamin sukan tsaya, kowa ya je ya bi bayan wanda ya ke so. Da Linkon ya waiwaya sai ya ga yawancin mutanen suna bayansa. Shi ke nan ya zama kyaftin yana da shekara ashirin da uku. Bayan shekaru masu yawa ya ce ba wata nasara da ta faranta masa rai kamar wannan.

Kyaftin ɗin nan bai san fareti ba. Ana ba da labari cewa wata rana suna tafe a jere, kafaɗa da kafaɗa, suka tarar da shinge mai ƙaramar ƙofa. Ya rasa irin umurnin da a ke bayarwa don a bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sallame su na minti biyu, ya ce a sake taruwa a ƙetaren ƙofa. Wata rana kuma mutanensa suka saci giya suka bugu, aka hore shi a madadinsu, aka sa shi ya rataya takobin katako kwana biyu.

Amma akwai ranar da ya nuna shi shugaba ne. Wani tsoho Ba'indiye, gajiyayye, ya shigo sansaninsu, yana riƙe da takarda daga wani janar wadda ta ce shi mai zaman lafiya ne. Sojojin suka ce ɗan leƙen asiri ne, suka tasam ma kashe shi. Linkon ya shiga tsakani, ya ce ba mai taɓa shi. Waɗansu suka ce tsoro ne ya ke ji. Ya ce duk mai wannan zato ya fito ya gwada shi. Ba wanda ya fito. Tsohon ya tafi da ransa.

Da wa'adin kwana talatin ya cika aka sallami ƙungiyarsa. Yawanci suka koma gida. Shi kuwa ya sake shiga har sau biyu, yana farabiti, ba ko igiya. Bai taɓa gamuwa da abokan gaba a fagen fama ba, sai dai ya taya binne waɗanda aka kashe, abin kuwa bai fita ransa ba. Daga baya yakan yi wa kansa ba'a, ya ce jinin da ya zubar a yaƙin nan sauro ne ya sha. Aka sallame shi cikin watan Yuli. An sace dokinsa, saboda haka ya koma gida wani wuri a ƙasa, wani wuri a kwalekwale.

Ƙarshen yaƙin bai yi kyau ba. A farkon watan Agusta sojoji suka tarar da mutanen Baƙin Shaho a bakin Misisipi, yunwa ta gama cinsu, suna neman ƙetarewa. Aka kashe da yawa, har da mata da yara. Ƙasarsu kuwa ta tafi ke nan.

4. Bashi

Tun kafin yaƙi Linkon ya riga ya tsaya takarar Majalisar Dokoki ta Jiha. Ya komo saura 'yan makonni a yi zaɓe. Mutum goma sha uku ne ke neman kujera huɗu, shi ya zo na takwas, ya faɗi. Amma a New Salem, inda aka san shi, cikin ƙuri'a 300 ya sami 277.

Kantin Offutt ya riga ya mutu. Linkon da wani abokinsa suka buɗe nasu da bashi, shi ma ya karye. Abokin ya rasu cikin 1835, bashin fiye da dala dubu ya rage a wuyan Linkon. Kuɗin nan suna da yawa ƙwarai ga talaka. A lokacin mutane da dama sukan sulale da dare su yi yamma in bashi ya yi musu katutu. Linkon ya zauna, ya yi alkawari zai biya, ya kuwa yi shekaru yana biya da kaɗan da kaɗan har ya gama.

Don ya sami abin sa wa baka, aka ba shi riƙon gidan waya na ƙauyen cikin 1833. Yakan zuba wasiƙu cikin malafarsa ya kai wa masu su. Ya kuma koyi aikin safiyo daga littafi, yana auna gonaki da hanyoyi. Wata rana masu bin bashi suka sa aka kama dokinsa da kayan awonsa aka yi gwanjonsu. Wani maƙwabci ya saya, ya mayar masa kyauta.

5. Linkon ɗan majalisa

Amurka tarayya ce. Akwai Gwamnatin Tarayya a birnin Washinton, kowace jiha kuma tana da nata Gwamna, da kotuna, da Majalisar Dokoki. Majalisar jiha ita ke yin dokokin haraji, da hanyoyi, da makarantu na cikin jihar. A Ilinoi majalisar kashi biyu ce, ta Wakilai da ta Dattawa. Sai duka biyu sun yarda batu ya ke zama doka.

Cikin 1834 Linkon ya sake tsayawa, ya ci. Aka kuma sake zaɓensa a 1836, da 1838, da 1840. Sa'ad da zai tafi zama na farko ba shi da tufafin kirki, sai da ya ranci dala 200, ya ɗinka kwat da wando daga ciki. Babban birnin jihar a lokacin Vandalia ne. A zaman farko bai cika magana ba. Ya kasa kunne, ya lura da yadda a ke tsara doka. Ba da daɗewa ba ya zama jagoran 'yan jam'iyyarsu ta Whig a Majalisar Wakilai.

Gundumarsu ta Sangamon tana da wakilai tara, dukansu dogaye, har ana kiransu Dogaye Tara. Su ne suka yi ta ƙoƙari aka mai da babban birni Springfield, wanda ya fi kusa da tsakiyar jihar. An yi ƙuri'ar cikin Fabrairu, 1837.

Ba kullum ya ke yin daidai ba. A shekarar nan majalisa ta yarda a ci bashin dala wajen miliyan goma don a shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, a gyara koguna. Linkon yana cikin masu goyon baya ƙwarai, don ya san wahalar manomin da ba shi da hanyar kai kaya kasuwa. Amma an ɗauki abin da ya fi ƙarfin jihar. Kasuwa ta faɗi a Amurka duka, aikin ya tsaya, bashi ya danne Ilinoi shekara da shekaru.

Wata rana kuma, cikin Disamba, 1840, abokan hamayya suka so a yi wata ƙuri'a da za ta ƙuntata wa bankin jiha. Doka ta ce ba a yanke magana sai wakilai sun kai wani adadi. Aka kulle ƙofa don kada kowa ya fita. Linkon da mutum biyu suka fice ta taga. Ashe an riga an ƙidaya su. Dabarar ba ta ci ba, jaridu suka yi ta yi masa dariya.

Abin da aka fi tunawa da shi a majalisar nan shi ne maganar bauta. Ilinoi ba jihar bayi ba ce, amma yawancin mutanenta ba su son masu neman a 'yanta bayi. A farkon 1837 majalisa ta yanke shawarar la'antar irin waɗannan mutane. Wakilai 77 suka yarda, 6 suka ƙi, Linkon yana cikin shidan. Ran 3 ga Maris shi da wani wakili mai suna Dan Stone suka sa aka rubuta a littafin majalisa cewa bauta an kafa ta ne a kan zalunci. Sun ƙara da cewa Majalisar Tarayya ba ta da ikon taɓa bauta a jihohin da ke yinta, kuma ba su goyi bayan hanyar da masu neman 'yanta bayi ke bi ba. Maganar ba ta yi nisa ba ke nan. Duk da haka mutum biyu kaɗai suka yarda su sa hannu a kanta.

6. Linkon lauya

A wurin yaƙi Linkon ya san wani lauya mai suna Jon Stuart. Shi ne ya ba shi shawara ya karanci shari'a, ya kuma ara masa littattafai. Daga New Salem zuwa Springfield mil ashirin ne, Linkon yakan je ya ɗauko. Bai shiga makarantar lauyoyi ba. A gindin itace ya yi ta karatu shi kaɗai, har ya sami lasin cikin 1836.

Cikin Afrilu, 1837, ya koma Springfield da zama, a kan dokin aro, duk abin da ya mallaka yana cikin jaka biyu. Ya shiga wani kanti ya tambayi kuɗin kayan shimfiɗa, aka ce dala 17. Ya ce ba shi da su. Mai kantin, Joshuwa Speed, ya ji tausayinsa, ya ce ya hau bene su zauna ɗaki ɗaya. Suka zama aminai har mutuwa. Cikin 1842 ya auri Maryamu Todd. Sun haifi 'ya'ya huɗu maza, amma babban kaɗai, Robat, ya daɗe a duniya.

A zamanin nan ƙananan garuruwa ba su da alƙali zaunanne. Sau biyu a shekara alƙali yakan fita rangadi, lauyoyi suna biye da shi, daga wannan gunduma zuwa waccan. Kowane rangadi yakan ci wajen wata uku. Ga taɓo, ga rafuffuka ba gada, a masauki kuwa mutum biyu ko uku kan gado ɗaya. Linkon bai damu ba. Da rana a yi shari'a, da dare ya yi ta ba da labarai ana dariya. Takardunsa cikin doguwar malafarsa ya ke ajiye su. Shi da abokan aikinsa sun riƙe ƙara fiye da dubu biyar, yawanci na bashi da gona.

Yakan gargaɗi matasan lauyoyi su hana mutane yawan kai ƙara, su sulhunta maƙwabta in da hali, don sau da yawa wanda ya ci shari'a shi ne ya yi hasara, in aka lissafa kuɗi da lokaci. Ya kuma ce wanda ya ga ba zai iya aikin lauya da gaskiya ba, to, ya bar aikin ya riƙe gaskiyar.

Cikin 1841 ya tsaya a Babbar Kotun Jiha kan maganar wata baƙar mace mai suna Nans, wadda aka sayar. Kotu ta yarda da shi cewa a Ilinoi kowane mutum ɗa ne, sai in an kawo hujjar da ta nuna ba haka ba, matar ta sami kanta. Amma cikin 1847 ya tsaya wa wani ubangijin bayi da ke neman a mayar masa da wata mace da 'ya'yanta huɗu. An kayar da shi, aka 'yanta su. Har yanzu masu tarihi suna ganin wannan ƙara tabo ce a aikinsa.

Shari'arsa da ta fi shahara ita ce ta 1858. Tsohon amininsa Jak Armstrong ya riga ya rasu. Aka kama ɗansa, Duff, aka ce ya kashe mutum a wata rigima da dare. Hannatu ta rasa inda za ta sa kanta. Linkon ya karɓi ƙarar. A kotunan Amurka mutum goma sha biyu daga cikin jama'a su ne ke sauraron shaida, su faɗi ko akwai laifi ko babu. Wani mai shaida ya rantse ya ga Duff ya kai bugun, da wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, daga nisan ƙafa 150. Linkon ya tambaye shi yadda ya gani cikin dare. Ya ce farin wata ne, watan yana can sama. Linkon ya sa ya maimaita har kowa ya ji sosai. Sa'an nan ya fito da littafin lissafin taurari na shekara ta 1857, wanda ke nuna lokacin fitowar wata da faɗuwarsa a kowace rana. Aka duba daren, aka ga a wannan sa'a wata ya riga ya yi ƙasa, yana gab da faɗuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka sallami Duff. Hannatu ta tambayi abin da za ta biya, Linkon ya ƙi karɓar ko anini. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

7. Shugaban ƙasa

Linkon ya zauna Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 1847 zuwa 1849, sa'an nan ya koma aikin lauya. Cikin 1854 aka yi wata doka wadda ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin ƙasashen yamma. Wannan ya tayar da shi. Cikin 1858 ya yi muhawara sau bakwai a bainar jama'a da Stephen Douglas, wanda ya kawo dokar, suna neman kujerar Majalisar Dattawa. Douglas ya ci, amma sunan Linkon ya game ƙasa. Cikin Nuwamba, 1860, aka zaɓe shi Shugaban Ƙasa.

A lokacin bayi a Amurka sun kusa miliyan huɗu. Jihohin kudu, masu bayi, suka ce sun fita daga tarayya, har suka kai goma sha ɗaya. Yaƙin basasa ya tashi ran 12 ga Afrilu, 1861, sa'ad da 'yan tawaye suka buɗe wa wata ganuwa mai suna Sumter wuta. Hafsan da ke tsaronta, Robat Anderson, shi ne wanda ya rubuta sunan Linkon a littafin soja cikin 1832.

Ran 1 ga Janairu, 1863, Linkon ya sa hannu a kan shelar da ta 'yanta bayin da ke ƙasar 'yan tawaye. Baƙaƙen mutane wajen 180,000 suka shiga soja suka yi yaƙi. A matsayinsa na lauya ya san shelar yaƙi tana iya rushewa in yaƙi ya ƙare, saboda haka ya nace sai an sa hana bauta cikin tsarin mulkin ƙasa. Majalisa ta yarda cikin Janairu, 1865, jihohi suka tabbatar cikin Disamba.

Bai ga wannan rana ba. Babban janar na kudu ya ba da gari ran 9 ga Afrilu, 1865, bayan mutum fiye da 600,000 sun halaka. Ran 14 ga wata Linkon yana kallo a gidan wasan kwaikwayo a Washinton, wani mai goyon bayan kudu, Jon Wilkes Booth, ya harbe shi. Ya cika da safe ran 15, yana da shekara 56. Aka kai gawarsa Springfield cikin jirgin ƙasa, can aka binne shi.

Yaron da bai wuce shekara guda a makaranta ba ya faɗi zaɓe, ya karye a ciniki, ya yi kurakurai a majalisa da kotu. Abin da ya ɗaukaka shi, bai daina neman ilimi ba, bai gudu ya bar bashi ba, kuma ranar da ya ga za a zalunci tsoho marar gata ya tsaya a gabansa, ko da ya ke shi kaɗai ne.

Tambayoyi

1. Ina aka haifi Abraham Linkon, a wace shekara?
2. Yaya ya fid da jirgin da ya maƙale a New Salem?
3. Me ya sa Baƙin Shaho ya komo Ilinoi?
4. Wane kuskure majalisar Ilinoi ta yi cikin 1837?
5. Da me Linkon ya kayar da mai shaida a shari'ar Duff?
6. Don me ya nace a sa hana bauta cikin tsarin mulki?
7. Ku rubuta jimla biyar a kan wani mutumin garinku da aka sani da gaskiya.